Tandun Mma Abiba

"Riƙe min kan nan nata, Mujiya. Yarinya sai ka ce tarwaɗa."

Rafia ta durƙusa bakin tabarma, ta tallafi kan Basma da tafukanta. Kakarsu, Mma Abiba, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da yarinyar a cinyarta, ta zaro tsinke daga tandun kwalli, ta kaɗe shi a bakin tandun. Idanun tsohuwar sun daɗe da yin hazo, mutum ma sai ya yi magana take gane shi, amma hannunta bai taɓa kuskure ba. Ta zizara a dama, ta zizara a hagu, ta ɗiga ɗigo a goshi saboda bakin mutane.

"To, ga amarya. Wa ya ce ba mu da kyau a gidan nan?"

Basma ta zame ta sauka. Ba ta yi nisa ba ta tsaya ta murje ido da bayan hannu. Hannun ya yi baƙi. Ta cusa shi a baki tana tsotsa.

Rafia ta gani. Ta sha ganin haka, domin ita aikinta ke nan tun tana ƙarama, ta zauna a lungu tana kallon mutane ba ta cewa uffan, abin da ya sa kakar ta laƙaba mata Mujiya. Amma yau ba kallo kawai ta yi ba. Da hannunta ta riƙe kan yarinyar, alhali ta san abin da ke cikin tandun.

* * *

Shekaranjiya Laraba ita ta kai Basma awo, saboda uwar yarinyar, yayarta Kausara, cikinta ya tsufa, ta dawo gida haihuwa, ko tsakar gida da ƙyar take ƙetarewa. An kafa rumfa a filin bayan masallaci, mata sun cika benci, yara na ta tsala ihu a kan sikeli. Ranar an zo da wani sabon abu: ana tsaga ɗan yatsan yara a ɗauki ɗigon jini.

Nas ɗin da ta ɗauki na Basma 'yar unguwar Moshi Zango ce, Hikma, ta girme wa Rafia a sakandare. Da aka watse ta yafuto ta.

"Ba ta cin abinci sosai, ko?"

"Sai an yi dambe."

"Magana fa?"

Rafia ta sunkuyar da kai. Basma ta kusa shekara uku, amma "Mma" da "ruwa" kawai take faɗa. A gida cewa ake nauyin baki ne, na dangin ubanta.

Hikma ta tambaya ko ana fasa batirin mota a gidansu, ko ana narka ƙarfe ana zuba tukwane, ko fentin ɗaki yana ɓarewa yarinyar tana ci. Duk Rafia ta girgiza kai. Sai nas ɗin ta tsuguna, ta ɗaga haɓar Basma, ta daɗe tana duban idanun nan da aka zagaye da baƙi.

"Wa ke sa mata wannan?"

"Kakarmu."

"Mma Abiba?" Hikma ta yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba. "Ei. Ni ma ita ta yi min wankan farko."

Ta ja Rafia gefe ta yi mata bayani a hankali. Akwai dalma a jinin Basma, irin wadda ke cikin batirin mota, kuma ta yi yawa. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, sau da yawa dalma ce zalla. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, ta shiga ciki, ta bi jini ta hau kai. "Ba zazzaɓi, ba ƙurji, ba abin da za ki nuna ki ce ga shi. Sai dai ki ga yaro yana ta yin baya. In ta yi yawa har faɗuwa take sa wa."

"Zai fita?"

"Ku kawo ta babban asibiti ranar Litinin a sake dubawa. Wani abin ana iya taimakawa, wani in ya tafi ya tafi. Amma duk maganin duniya banza ne in ana ƙara mata kullum."

Washegari Rafia ta ɗebo ɗan kwallin a takarda ta kai wa Hikma. Aka ɗora masa wata na'ura mai kama da bindigar wasan yara. Mutumin da ke riƙe da ita ya dubi abin da ta nuna, ya dubi Hikma, ya ce da Turanci kada a bar yaro ya ko taɓa shi.

* * *

Yaya za ta faɗa?

Tandun nan ya girme wa gidan. Na fata ne, ya yi baƙi ya yi sulɓi saboda hannuwa, igiyar murfinsa an sake ta ba adadi. Kakar Mma Abiba ce ta zo da shi daga ƙasar Hausa, ɗaure a ƙugu, a ayarin fataken goro da suka biyo ta Salaga suka sauka Kumasi ba su koma ba. Rafia ta ji labarin har ta haddace, da jakin da ya ƙi ƙetare kogi, da ruwan saman da ya tarye su a bakin gari.

Da can, lokacin da mangwaron tsakar gida yana nan, kafin a sare shi a kafa shagon kwantena, safiyar Juma'a ranar kwalli ce. Kakar za ta fito da ɗan dutsen niƙanta, ta fasa ƙwayar kwallin, ta yi ta gurzawa har ya yi laushi yana walƙiya kamar an niƙa taurari. Yaran gidan haya duka, da na Hausawa da na Mosawa da 'yar Asanten da ke ɗakin ƙarshe, su yi layi. Ƙamshin kokon maƙwabta yana shigowa, ana jiyo masu trotro, motocin haya, suna kiran masu zuwa kasuwar tsakiyar gari, Adum, Adum. In layi ya zo kan Rafia, sai ta ɗora kai a cinyar nan mai ƙamshin man kaɗe da kanumfari, ta ji sanyin tsinken ya ratsa idonta, hawaye ya taru, duniya ta yi wasai. Shekarar da mahaifiyarsu ta rasu, wannan cinyar ce ta rage musu, ita da Kausara.

Kuma ba su kaɗai ba. A Zango in mace ta haihu, kafin a aika wa liman an aika wa Mma Abiba. Ita ke wankan jarirai, ta gasa cibiya, ta miƙe gaɓoɓi, ta sa kwallin farko. A da har layi ake yi a ƙofarta. Yanzu 'yan mata sun koma hoda da man kanti na Adum, suna kallon yadda ake wanka a waya. Wata sai ya wuce ba wanda ya aiko. Shi ya sa tun da Kausara ta dawo gida tsohuwar take ta shiri: ta sa an wanke babban baho, ta sayi sabulun salo, ta niƙa sabon kwalli ta cika tandun har wuya.

Rafia ta sami yayarta a ɗaki tana kwance, ta ɗora ƙafa a kan filo. Ta faɗa mata komai, murya ƙasa ƙasa.

Kausara ta tashi zaune da ƙyar. Ta daɗe tana kallon ƙofar da Basma ta fita.

"Sista, ke ya kamata ki gaya mata. 'Yarki ce."

"Ni? Rufa min asiri. In dubi matar da ta goya ni in ce mata guba take sa wa jikokinta? Ke ce kika yi sakandare."

"Ni ba na iya magana."

"Yoo, ashe kin sani." Kausara ta goge fuska da zani. "Kuma mu duka ba da shi aka raine mu ba? Me ya same mu?"

Rafia ta ɗaga kai. Idonta kawai ya tafi wajen zaure, inda Kawu Muniru ke zaune a bencinsa yana jera murafen kwalba.

"Kul," in ji Kausara. "Kul, Rafia. Wannan na iska ne, kowa ya sani."

Kawu Muniru shi ne autan Mma Abiba. Furfura ta fara fito masa a gemu, amma har yau ita ke ɗaura masa mazagin wando. Ba ya faɗa da kowa. Labarinsa ma Rafia ta haddace, don kakar da alfahari take ba da shi: da ciwon ido aka haife shi, safe da yamma take zuba masa kwalli har ya warke, cibiyarsa ma da shi ta busar. In tana niƙa yana gefenta, yana dangwalar dutsen yana lasa, ana dariya ana cewa zai gaje ta. Yana ɗan shekara huɗu ya fara faɗuwa yana kumfa. Aka ce ya taka wani abu a bakin kwata da magariba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, faɗuwar ta lafa, amma yaron bai ƙara gaba ba.

* * *

Ranar Litinin Rafia ta kai Basma asibiti, ta ce wa kakar allura ce. Ranar Laraba Kausara ta haifi namiji a asibiti. Ranar Alhamis aka ɗauki Mma Abiba a tasi ta je ta gano shi, gidan ya rage daga Rafia sai Kawu Muniru a zaure.

Rafia ta shiga ɗakin kakar. Tandun yana rataye a ƙusa, kusa da carbi. Ta juye kwallin a leda, ta ƙulle, ta sake sa wata ledar, ta tura bayan akwati. Ta wanke tandun ta shanya. Sai ta ɗebo gawayi a kurfoti, ta daka, ta tankaɗe da tsumma har ya yi laushi, ta ɗura. Baƙi dai baƙi ne, kuma tsohuwar ba ta gani. A ranta ta ce in an wuce suna, in hankali ya kwanta, sai ta san yadda za ta faɗa.

Safiyar Juma'a aka yi wankan. Matan gidan haya suka kewaye baho, tururi na tashi. Mma Abiba ta ɗaure zani a ƙirji, ta zauna a kujera 'yar tsugunne, ta karɓi jaririn, sai ga shi shekaru sun zube mata. Ta cuɗa shi da sabulun salo, ta lanƙwasa hannuwansa ta baya, ta ja ƙafafu, ta gyara masa kai da tsumma mai ɗumi, ta ɗan cilla shi sama ta cafe. Yaron ya tsanyara, mata suka yi guɗa.

"Yi kuka, maigida, yi kuka. Gara ka yi yanzu, in ka girma ba mai rarrashinka."

Ta shafe shi da man kaɗe, ta kwantar da shi a cinya.

"Mujiya, tandu."

Rafia ta miƙa mata. Tsohuwar ta karɓa, sai hannunta ya tsaya a sama. Ta ɗaga tandun, ta sauke, ta sake ɗagawa.

"Wa ya taɓa min tandu?"

Ta buɗe, ta zazzaga kaɗan a tafinta, ta murza da yatsa, ta kai hanci.

"Gawayi." Muryarta ba ta tashi ba. "Kwalli nauyi gare shi kamar ƙarfe, tun ban san hagu da dama ba nake ɗaukarsa. Don idona ya mutu sai aka ɗauka hannuna ma ya mutu? Gawayi a idon ɗan kwana biyu? Wace maras tsoron Allah ce?"

Matan suka fara kallon juna. Kausara ta dubi ƙasa.

"Ni ce, Kaka."

Ita kanta Rafia ba ta gane muryar ba.

"Ke?"

"An auna jinin Basma a wajen awo. Akwai dalma a ciki, irin ta batir. An auna kwallin, daga shi ne. Shi ya sa ba ta ci, shi ya sa ba ta magana. Nas Hikma ta ce..."

"Hikma? 'Yar Boukari mai gyaran keke? Wadda na wanke wa kashi da hannun nan?" Mma Abiba ta yi tsaki. "Je ki tambaye ta wa ya sa mata nata kwallin. Ki bi Zangon nan gida gida, limamai, direbobi, masu shago a Adum, har da wanda ke tuƙa jirgi, duk ta cinyar nan suka wuce. Kwalli da ake sa wa don lada yau shi ne guba? Kawo min abuna."

"Kaka..."

"Na ce kawo min."

Rafia ta je ta ɗauko ledar. Ta ji nauyinta a hannu, ta ga wautarta: yaya ma ta yi tunanin gawayi zai yi? Ta dawo ta tsaya gaban kakar. Jaririn ya yi shiru a cinya, ya buɗe idanu, farare tas. Tsohuwar ta miƙo hannu.

Basma tana raɓe da ƙafar uwarta, hayaƙin murhu ya shiga idonta, tana murzawa, ta kai hannun baki. Maimakon ledar, sai Rafia ta kamo wannan ɗan hannun, jiƙe da yawu, ta sa shi a tafin kakar.

"Mene ne wannan?"

"Hannun Basma ne. Yanzu ta murza ido ta sa a baki. Haka take yi duk ranar da kika sa mata, ke ba kya gani, ni ina gani. Kina sa mata a ido, a ciki yake ƙarewa. Wannan ma haka zai yi."

Mma Abiba ba ta saki hannun ba. Ta shafa 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka ji jan takalmi daga zaure. Kawu Muniru ne, ya ji guɗa ya shigo, murafen kwalba cike da aljihunsa. Ya ratsa matan ya zo ya durƙusa gabanta, ya turo fuska, ya rufe ido, yadda ya saba kowace Juma'a.

"Mma, a sa min. Za ni masallaci."

Wata daga cikin matan ta ja ɗanta ta shige ɗaki.

Da tsohuwar ta yi magana, ba ta juyo wajen Rafia ba.

"Ita 'yar Boukarin. Ta ce yana sa yaro faɗuwa?"

"In ya yi yawa, Kaka."

"Da kumfa?"

"Ba ta ce komai a kan kowa ba. Wallahi ba ta ce ba. Ba wanda ya sani."

"Na tambaye ki an sani?"

Ta saki hannun Basma. Ta lalubo zanin jaririn ta naɗe shi, ta tofa masa addu'a a ka, ta ɗaga shi sama tana jira a karɓa.

"Kausara, zo ki ɗauki ɗanki."

"Mma, ba a..."

"Ɗauke shi haka nan. Ido fari, kamar wanda ba shi da kaka."

Ta dafa bango ta miƙe. Rafia ta kai hannu za ta taimaka mata, ta kauce.

"Wannan ledar, ki kai wa masu na'urar. Da dutsen niƙan. Kada ki zubar a kwata, yara na wasa a wurin." Ta ɗan tsaya. "Tandun ki zubar min da gawayinki ki wanke. Na kakata ne."

* * *

Da la'asar Rafia ta dawo daga wajen Hikma, hannunta ba leda, Basma tana barci a bayanta. An yi ɗan yayyafi, kwanon rufin unguwar yana ta turiri, masu sayar da waakye, shinkafa da wake, sun fara kwashe tukwane. A hanya tana ta tunanin abin da aka ce a riƙa ba yarinyar, ƙwai da kifi da ganye da lemo, da wanke hannu kafin ci, da komawa asibiti. Ta ƙudurta gobe za ta shiga ɗakunan hayan nan ɗaya ɗaya, ko da muryarta za ta yi rawa.

A zaure ta same su. Kawu Muniru yana bencinsa, ya ɗora kai a cinyar uwarsa, dogayen ƙafafunsa sun zarce ƙarshen bencin. Tandun yana gefe, a buɗe, ba komai a ciki. Mma Abiba ta ajiye kwanon ruwan ɗumi, tana tsoma bakin mayafinta tana goge masa ido, ta goge dama, ta goge hagu, ta sake tsomawa.

"Mma, ai ya fita," in ji shi, yana dariya. "Tun wancan satin ya fita."

"Yi shiru, auta."

Rafia ta raɓa ta wuce ba ta yi sallama ba. Daga tsakar gida ta waiwayo. Ruwan kwanon fari ne tas, tsohuwar tana ta gogewa.